An ce za a koya wa 'ya'yana ilimin jima'i a makaranta: mu cire su ko mu bari?

"Malama, ina da 'ya mai shekara 11 da ɗa mai shekara 13, dukansu a makarantar gwamnati suke. An aiko mana da takarda cewa zango mai zuwa za a fara yi musu darasi a kan balaga da ilimin jima'i. Mahaifinsu ya ce atafau ba da 'ya'yansa ba, wai buɗe wa yara ido kawai za a yi. Ni kuma na rasa tudun dafawa, don gaskiya ban taɓa zama da ko ɗayansu mun yi irin wannan maganar ba. Shin darasin nan ba zai lalata su ba? Mu cire su ko mu bari?"

'Yar'uwa, Allah Ya raya miki su. Na ga tambayarki gida biyu ce. Na farko, shin in an yi wa yaro bayanin jikinsa da yadda ake samun ciki, hakan zai zaburar da shi ya je ya gwada? Na biyu kuwa ba ki furta shi ba, amma yana kwance a cikin maganarki: idan kun cire su, wa zai yi musu bayanin, tunda ke da bakinki kin ce ba ki taɓa yi ba? Na daɗe ina koyar da ilimin lafiya a ƙaramar sakandare, daga baya na koma ofishin ba ɗalibai shawara, na kuma yi aikin horar da malaman da ke ɗaukar wannan darasi. Da abin da na gani a can da abin da bincike ya nuna zan ba ki amsa.

Amma kada ki ɗauki fargabar maigidanki a matsayin duhun kai. Na taɓa zama a bayan aji ina duba wani malami yana wannan darasi, ya mai da shi dandalin barkwanci, samari na ta shewa, 'yan mata sun sunkuyar da kai har aka tashi. Da 'yata ce a ajin nan, ni ma cire ta zan yi. Uban da ya ce yana son ya san abin da za a zuba wa ɗansa a kunne haƙƙinsa yake nema.

Suna ɗaya, kaya daban-daban

Rabin rigimar da ake yi a kan wannan darasi sunan ne ya jawo ta. Da an ce "ilimin jima'i" sai uba ya hango an tara yara ana koya musu yadda ake kwanciyar aure. A mafi yawan manhajoji abin da ke ƙarƙashin sunan hawa-hawa ne. Hawa na farko shi ne jiki da balaga: jinin al'ada, mafarki, canjin murya, fitowar gashi, tsafta. Na biyu kare kai: wane sashen jiki ne ba mai ikon taɓa shi, yadda yaro zai ce a'a ko da ga babba ne, da wanda zai gaya wa in wani abu ya faru. Na uku ciki da cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, irin su ƙanjamau da ciwon sanyi, da hanyoyin kariya daga gare su. Na huɗu shi ne wanda ya shafi ɗabi'a da aƙida: soyayya, aure, sha'awa, matsayin namiji da mace. Da wuya ki sami iyayen da ke jayayya da hawa biyun farko in an yi musu bayani. Gardamar tana farawa ne daga tsakiyar na uku, ta yi tsanani a na huɗu.

Haka abin yake a ko'ina. Suwidin ta wajabta darasin a makarantunta tun 1955. A Ingila, daga Satumban 2020 an wajabta darasin mu'amala da zamantakewa a firamare, da wanda ya haɗa da ilimin jima'i a sakandare, amma an bar wa iyaye ikon cire ɗansu daga ɓangaren jima'in har zuwa zango uku kafin ya cika shekara 16. Abin da ke cikin darasin kimiyya kuwa ba a cire kowa. A Najeriya, manhajar da aka fara fito da ita da sunan ilimin jima'i ta sha suka, sai a 2003 aka gyara ta aka sake mata suna zuwa ilimin rayuwar iyali da ƙanjamau, aka kuma bar wa jihohi damar daidaita ta da al'ummarsu. Duk da haka tsugune ba ta ƙare ba, don a Nuwamban 2022 ministan ilimi na lokacin, Malam Adamu Adamu, ya ba da umarnin a cire ilimin jima'i daga manhajar, yana cewa aikin iyaye ne da malaman addini. Hukumar UNESCO, mai kula da ilimi a Majalisar Ɗinkin Duniya, tana da kundin jagora da ta fitar a 2009 ta sabunta a 2018, wanda ya raba yara rukuni huɗu bisa shekaru, daga 5 zuwa 8 har zuwa 15 zuwa 18. Shawara ce ba doka ba, kowace ƙasa tana ɗaukar abin da ta ga dama, kuma akwai wurare a cikinsa da iyaye masu riƙon addini ba za su yarda da su ba.

Saboda haka takardar da aka aiko muku ba ta gaya muku komai ba tukuna. Suna kawai ta ba ku.

Shin yana buɗe musu ido?

Wannan ita ce tambayar da aka fi bincika a wannan fanni, kuma amsarta ta fi sauran fitowa fili. Lokacin da UNESCO ke shirya kundinta na 2009, an tattara bincike 87 daga ƙasashe daban-daban, masu arziki da matalauta. A cikin waɗanda suka auna lokacin da matasa ke fara jima'i, ba a sami ko ɗaya da darasin ya sa suka fara da wuri ba. Sama da kashi ɗaya cikin uku sun nuna an jinkirta farawar, sauran kuma ba su nuna wani canji ba. Wato mafi munin abin da aka gani shi ne darasin bai yi tasiri ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne ga wanda ya yi mu'amala da 'yan shekara 12 zuwa 15. Sha'awa ba daga allo take zuwa ba, jiki ne ke kawo ta in lokacinta ya yi. Abin da ke ingiza yaro shi ne son sanin abin da ake ɓoyewa, da matsin abokai, da ƙaryar da suke yi wa juna cewa kowa na yi. Malamar da ta tsaya ta yi bayanin mahaifa da kwanakin al'ada da muryar da take bayanin yadda zuciya ke harba jini, rage wa abin armashi take yi.

Sannan idon da ake tsoron a buɗe, wa ya ce a rufe yake? A 2023 ofishin kwamishinar kula da yara ta Ingila ya fitar da rahoton da ya nuna cewa a tsakanin matasan da suka taɓa ganin batsa a intanet, matsakaicin shekarun ganin farko 13 ne, sama da kashi ɗaya cikin huɗu sun gani kafin su wuce 11. Alƙaluman wata ƙasa ne, amma wayar iri ɗaya ce. Ɗanki ba sai yana da tasa ba, ta abokin zamansa a benci ta isa.

Akwai kuma masu cewa a koya musu kamun kai kawai, kada a ambaci komai bayan wannan. Amurka ta gwada haka da kuɗi mai yawa: dokar 1996 ta ware dala miliyan 50 duk shekara don irin waɗannan shirye-shirye. Binciken da majalisar ƙasar ta sa aka yi, wanda ya fito a 2007 bayan an bi matasa sama da 2,000 na tsawon shekaru, ya gano cewa waɗanda suka shiga shirin da waɗanda ba su shiga ba duk ɗaya suke, har shekarun farawarsu. Kada ki ɗauka wannan na nufin koyar da kamun kai ɓata lokaci ne. Wani bincike da aka buga a 2010, a kan yara 'yan kimanin shekara 12 a can Amurkan, ya sami akasin haka: bayan shekara biyu, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka koya wa kamun kai ne suka fara jima'i, alhali a rukunin da ba a yi wa wannan darasin ba kusan rabi ne. Bambancin yana wajen koyarwa. A shirin na biyu ba a tsoratar da yaran ba, ba a yi musu ƙarya ba. An sa su yi tunanin burinsu na rayuwa, an kuma sa su gwada da bakinsu yadda za su ƙi in an matsa musu. Ni ma a aji abin da na gani ke nan. Yarinya ta san haramun ne tun tana firamare. Abin da ba ta sani ba shi ne me za ta ce sa'ad da wanda ya girme ta da shekara goma, wanda kuma take jin nauyinsa, ya ce in dai tana sonsa ta nuna masa.

Inda darasin yake gazawa

Ba zan sayar miki da abin fiye da darajarsa ba. Yawancin binciken da na ambata sun dogara ne da abin da matasa suka faɗa da bakinsu, kuma kin san yaro zai iya gaya wa mai tambaya abin da yake so ya ji. Da masu binciken ƙungiyar Cochrane, wadda ke tattara binciken lafiya tana tantancewa, suka ce su dai a nuna musu gwajin jini da na ciki, sai labari ya sha bamban. A 2016 sun duba manyan gwaje-gwaje takwas da suka ƙunshi matasa sama da 55,000, ba su sami hujjar cewa darasin aji shi kaɗai ya rage ƙanjamau ko cikin 'yan mata ba. A yankin Mwanza na Tanzaniya an yi shiri mai kyau ƙwarai, ilimin yaran ya ƙaru sosai, amma da aka auna jini ba a ga bambanci ba.

Abin da ya fi nuna alamar aiki shi ne taimakon da ke riƙe yarinya a makaranta. A yammacin Kenya, raba kayan makaranta kyauta ya rage barin karatu ya kuma rage ciki. A can ɗin dai, wata mai bincike, Pascaline Dupas, ta gwada abu ɗaya tak: aka nuna wa 'yan mata alƙaluman da ke cewa manyan maza sun fi samari tsaran 'yan matan ɗauke da ƙanjamau nesa ba kusa ba. Cikin 'yan matan ya ragu da kashi 28 cikin ɗari. Magana guda ce ta gaskiya wadda ta dace da haɗarin da ke gabansu, ta yi abin da dogon wa'azi bai yi ba.

To, me ya rage wa darasin? Abubuwa biyu da nake ganin sun isa su sa a yi shi ko da bai hana ciki ko ɗaya ba.

Abin da na gani da idona

Na farko shi ne tsoro. 'Yan mata sukan fara balaga tsakanin shekara 8 da 13, maza tsakanin 9 da 14, jinin al'ada kuma yakan zo kimanin shekara biyu bayan ƙirji ya fara tasowa. An taɓa kawo mini wata yarinya daga banɗaki tana rawar jiki. Kwana uku tana ganin jini, ta ɗauka wani mugun ciwo ne ya kama ta, ba ta gaya wa kowa ba don tana tsoron a ce ta yi wani abu. Uwarta mace ce mai ilimi, jira take yarinyar ta ƙara girma.

Na saba ajiye akwati a bayan aji, kowa ya rubuta tambayarsa ba suna ya jefa. Da maigidanki zai ga takardun nan da hankalinsa ya kwanta. Shin in namiji ya zauna a inda mace ta tashi za ta yi ciki? Nonona ɗaya ya kumbura alhali ni namiji ne, mace zan koma? (Wannan yakan sami samari da yawa lokacin balaga, kuma yakan baje da kansa.) Na yi mafarki na tashi na ga wandona a jiƙe, ciwo ne? Me ya sa ƙawayena duk sun fara ni ban fara ba? Tambayoyin yara ne masu fargaba, waɗanda suka rasa babban da za su tambaya. Jefi-jefi akan sami ta iskanci, wadda aka rubuta don a ga ko malama za ta ji kunya. Sai in karanta ta a zuciyata in wuce.

Na biyu ya fi nauyi. A 2024 asusun kula da yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya ƙiyasta cewa mata sama da miliyan 370 da ke raye yanzu, wato ɗaya cikin takwas, an yi musu fyaɗe ko an ci zarafinsu ta lalata kafin su cika 18. A maza kuwa kimanin ɗaya cikin goma sha ɗaya. Kuma mafi yawan masu yin wannan ba baƙi ba ne, mutane ne da yaron ya sani, ya kuma yarda da su. Makaminsu shi ne rashin sanin yaron da kunyarsa. Yaron da bai san sunan abin da ake yi masa ba, bai san laifi ne ba, an kuma ce masa sirri ne, ta yaya zai kai ƙara? A nan hujjar bincike tana da ƙarfi: nazarin Cochrane na 2015 a kan gwaje-gwaje 24 ya nuna darussan kare kai suna ƙara wa yara sani da dabarar kauce wa haɗari, ba tare da an ga sun ƙara musu firgici ba.

A nan ne kuma na tafka kuskuren da har yau yake damuna. Bayan wani darasi wata ɗaliba ta tsaya, ta ce za ta gaya mini wani abu in na yi alkawarin ba zan faɗa wa kowa ba. Na yi alkawarin ba tare da tunani ba. Abin da ta faɗa ba irin wanda ake rufewa ba ne, dole na kai shi gaba. An raba ta da mutumin, amma ba ta ƙara yi mini magana ba har ta gama makarantar. Tun daga ranar nake gaya wa duk malamin da na horar: kada ka yi wa yaro alkawarin sirri, ka ce masa ba za ka faɗa wa kowa ba sai wanda dole ya sani don a kare shi.

Abin da za ku je ku duba

Ni ban ga manhajar makarantarku ba, ban kuma san wanda zai koyar ba, kuma a kan waɗannan biyun hukuncin ya rataya. Gani ya kori ji. Ku je wurin shugaban makarantar, ke da maigidan tare, ku nemi a nuna muku jadawalin darussan mako-mako da littafin da za a yi amfani da shi, har hotunan da ke ciki. Ku tambayi wa zai koyar: malamin makarantar ne da aka horar, ko wasu ne za su zo daga waje? In daga waje ne, malamin ajin zai zauna a ciki? Za a raba maza da mata? Ni ina goyon bayan a raba su a darasin balaga, mace ta ɗauki mata, namiji ya ɗauki maza, don tambayoyi sun fi fitowa. Amma kowane ɓangare a gaya masa abin da ke faruwa da ɗayan, ko samari sa daina yi wa yarinyar da jini ya ɓata wa siket dariya. Ku tambaya kuma me makarantar ke yi in yaro ya bayyana cewa ana lalata da shi. In aka yi shiru ana kallon juna, to ba su shirya ba.

Makarantar da ta ƙi nuna wa iyaye abin da za ta koyar ta ba ku dalilin cire 'ya'yanku. Haka in kun ga abin da ya girmi shekarunsu, ko malamin da ba ku natsu da shi ba. Wanda ya dace da 'yar shekara 11 shi ne balaga da tsafta da kare kai da bayanin haihuwa a taƙaice. Ɗan 13 zai iya ɗaukar bayanin cututtuka, matsin abokai, da abin da zai yi in an turo masa batsa ko an nemi ya tura hotonsa.

Kuma ba dole ne ya zama ko duka ko babu ba. Inda doka ta ba iyaye zaɓi, sau da yawa ana iya barin yaro ya zauna a wasu darussan a ɗauke shi a wasu. In da ɓangaren da ya saɓa wa aƙidarku, ku faɗa a fili, ku kai maganar taron iyaye da malamai, don da wuya a ce ku kaɗai ne. Sai dai ki san cewa yaron da aka fitar daga aji zai ji darasin duk da haka, a filin wasa, daga bakin ɗan shekara 13 da ya fahimci rabi ya ƙara da nasa.

Hukuncin addini ba fannina ba ne, ku tambayi malamanku. Abin da na sani kawai shi ne, in ku Musulmi ne, babin haila da janaba da alamomin balaga suna cikin farkon abin da ake karantar da yaro a fiƙihu, don ba ya iya tsarkin salla sai da su; kuma Nana A'isha ta yabi matan Ansar da cewa kunya ba ta hana su neman fahimtar addini ba. Makarantar gwamnati tana tara 'ya'yan mutane masu aƙida daban-daban, ba za ta iya gaya wa ɗanki abin da gidanku ya ɗauka daidai ne game da aure da kamun kai da irin muryar da ku za ku faɗa masa ba. Wannan naku ne, ko an yi darasin ko ba a yi ba.

Shi ya sa nake ganin hanyar da za ki bi da maigidanki ba gardama ba ce. Ki ce masa kin yarda a cire su in abin da kuka gani bai yi muku ba, amma da sharaɗin shi zai zauna da yaron, ke ki zauna da yarinyar, kafin zangon ya fara. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Iyaye maza da yawa da na yi wa wannan tayin, da suka auna nauyin zaman, sai suka ce bari dai su je su ga manhajar tukuna. Wasu kuwa sun yi zaman, sun kuma yi shi fiye da yadda kowane malami zai yi.

Ita kuwa yarinyar kada ki jira zango mai zuwa. Shekara 11 jinin zai iya zuwa mata a kowane wata. Ba sai kin shirya lacca ba, kuma ba sai kun kalli juna ido cikin ido ba. Ki fara sa'ad da hannuwanku ke kan wani aiki. Ki tambaye ta ko a ajinsu akwai waɗanda suka fara al'ada, ki yi shiru ki ji abin da ta riga ta sani. Daga nan ki nuna mata audugar mata da yadda ake sa ta, ki saka mata ɗaya a jakar makaranta, ki gaya mata ranar da ta gani ke za ta fara faɗa wa, kuma ba za ki yi mata faɗa ba.